Soket Ɗaya

Sufeto ya cire takalmi ke nan yana murza gwiwa, sai Kofur ya leƙo.

"Yallaɓai, an kawo wani mai guga. Wai ya kashe mai gidan da yake haya."

Sufeto ya mai da takalmin. Saura ƙiris ya ajiye kaki, amma mutane sun ƙi bari ya huta.

Mai gugar yana zaune bayan kanta, leɓe a fashe, riga a yage. Mamacin tsohon mai walda ne. Hayaƙi ya cinye masa huhu, da injin iska yake numfashi. Da rana injin ya tsaya, tsoho ya tsaya tare da shi. 'Ya'yansa suka ce mai guga ne ya kashe wutar gidan daga mita, don sun sha faɗa a kan wuta.

"Kai ka kashe mita?"

"Yallaɓai, layin wutarmu ɗaya. In na kashe wuta da me zan yi guga? Ina cikin aiki suka jawo ni."

Sufeto ya je gidan. A shagon mai guga ya tarar da farar riga a kan tebur, dutsen guga na lantarki ya ƙone ta ya bar hotonsa a baya. Ya ɗaga ta, ya ajiye.

Ɗakin mamacin ƙarami ne. Gado, injin iska, kwalaben magani, kujerar roba. Soket ɗaya ne a ɗakin, can ƙasa kusa da ƙofa, kuma wayar injin tana ciki. Kujerar ce ta tsaya masa a rai. Mai jinya kusa da gado yake zama. Wannan an ja ta har jikin soket, ta juya wa gado baya.

Babbar 'yar mamacin tana tsaye, idanu sun kumbura. Ƙaninta yana bayanta, ƙato ne mai gemu, amma har yanzu Auta ake ce masa.

"Wa aka bar wa tsoho?"

"Na fita sayo magani, na bar Auta," in ji ta.

"Baba yana barci, sai na leƙa shagon aski," Auta ya ce. "Ina dawowa na ji injin shiru. Babu wuta."

"Wa ya ja kujerar nan?"

"Yaya ce, da tana shara."

Yayar ta dubi Auta. "Ni ce," ta ce. Sufeto ya dubi ƙasa. Ɗakin bai ga tsintsiya ba tun jiya.

Shagon askin yana bakin layi. Mai askin ya kifa kai a kan waya, wani mutum yana zaune da rabin kai a aske yana jira.

"Auta ya zo nan da rana?"

"Ya zo, Yallaɓai. Yana nan tare da ni." Bai ma ɗago ba.

Sufeto ya zauna a benci, don gwiwar ta dame shi. "Me ke cikin wayar nan da ya fi kan mutum?"

Nan mai aski ya ɗago, fuska ta washe. Wasa ne, in ji shi. Jirgi ne mai ratsa taurari, kowa da aikinsa a ciki, kowa daga wayarsa. Shi ne kyaftin. Wani direban haya ne matuƙi. Auta kuwa shi ne likitan jirgi, in aka harbi mutum shi ke tashe shi.

"Kai kyaftin ne, wannan bawan Allah yana yawo da rabin kai?"

"Faɗa masa, Baba," in ji mai rabin kai.

"Yallaɓai, ba ka gane ba. Yau muka shiga duniyar mutanen ƙarfe. Mun daɗe muna shirin yaƙin nan. In likita ya fita, duk mun mutu, a koma farko. Ana tsakiyar wuta sai Auta ya ce cajinsa ya yi ja. Na ce wallahi in ka mutu a kanmu ba ni ba kai. Ya ce mu riƙe, ya samu soket."

Sufeto ya duba bangon shagon. Soket har uku, biyu a banza.

"Yana zaune kusa da kai, ya ce ya samu soket?"

Mai aski ya mai da ido kan wasansa. Wayar ta ci gaba da harbi a hannunsa.

Sufeto ya koma gidan, ya sa Auta ya zauna a kujerar roba yadda take. Ya ce ya kawo cajarsa. Wayar cajar gajera ce, daga soket zuwa hannun mai zama, ba ƙari.

"Injin nan yana kuka in an cire shi. Ba ka ji ba?"

Auta ya dubi yayarsa. Ta kau da kai.

"Na toshe kunne da abin jin sauti," ya ce a hankali. "Ina jin 'yan jirgi ne. Na ce ɗan lokaci ne, Baba yana barci, yanzu zan mayar. Sai yaƙin ya yi tsawo. Da na juyo..." Ya rufe fuska. "Na mayar da wayar injin. Mutane suka shigo, wani ya ce ko mai guga ne. Ban ce a'a ba."

"Har da kai aka doke shi?"

"Har da ni."

Yayar ta zame jikin bango ta zauna. "Shi kaɗai ya rage mini, Yallaɓai."

"Mai guga ma yana da 'yar'uwa," in ji Sufeto.

Ya daɗe yana kallon ƙaton nan mai gemu. Ya ga masu kisa da wuƙa, ya ga masu kisa da guba. Waɗancan ya san me zai ce musu.

"'Yan jirgin naka sun tsira?"

"Duka."

"To, ka iya aiki."

Kofur ya sa wa Auta ankwa, ya karɓe wayarsa ya miƙa wa Sufeto. Sufeto ya ce a saki mai guga, a kuma ba shi haƙuri, ko da yake haƙuri ba ya ɗinke leɓe. Suna fita wayar Auta ta yi ƙara a hannun Sufeto. Ya nisanta ta da ido ya karanta. Saƙo ne daga matuƙin jirgi: Likita, ina ka shiga? Akwai mai neman iska.

Sufeto ya kashe ta, ya jefa a aljihu, ya bi bayansu yana ɗingishi.