Fashi a Otal Ɗin Tsamiya

"Kowa ya kwanta! Ƙasa, na ce!"

Maikano ne ya daka tsawar, bindiga a hannu. Garzali ya biyo bayansa yana zare ido, shi ma da tasa ƙirar gida. Sai dai kowan da aka ce ya kwanta mutum ɗaya ne: wani tsoho a bayan kanta, da jar dara da gilashi, yana shan shayi.

"Sannunku da zuwa," in ji tsohon. "Kwanciya kam sai ku yi haƙuri, gwiwata ba ta lanƙwasuwa. Sunana Muhyiddeen. Ɗaki nawa?"

Ƙarfe sha ɗaya ne na safiyar Juma'a. Kwana uku kafin nan, a bakin kogin Wudil inda Garzali ke lodin yashi a tifa, Maikano ya nuna masa wayarsa, shi da abokinsu Ɗantani. Wani shafi ne ya jera tsofaffin otal-otal masu tarihi na birnin Kano, Otal ɗin Tsamiya a sama. Wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, ya gina shi zamanin dalar gyaɗa.

"Turawa ke sauka a nan, baaba," Maikano ya ce. "Su tsohon abu suke so. Dala ce zube. Ɗantani, kai ne a mota. Minti goma mun ware."

Garzali bai taɓa shiga otal ba. Hoton fitilun otal ɗin kawai ya gani a wayar ya ce ya yarda.

Yanzu ga fitilun a sama, gizo-gizo ya yi musu riga.

"Ina Turawan?" Maikano ya sa wa tsohon bindiga a ƙirji.

"Na ƙarshe ya tafi bayan ƙaramar Sallah. Mutumin kirki."

"Ina sef ɗin kuɗi?"

"Hawa na uku, ofishin manaja."

"Garzali, taho da shi! Shap-shap!"

Maikano ya bi matakala da gudu. Tsohon ya dubi matakalar, ya dubi gwiwarsa, ya nuna wani keji na baƙin ƙarfe a kusurwa. "Sai dai mu hau lifta."

Garzali ya tura shi ciki, ya ja ƙofar. Abin ya yi ƙara, ya girgiza, ya fara hawa a hankali. Hawa na ɗaya ya wuce. Sai ɗif! An ɗauke wuta.

Suka tsaya cak tsakanin sama da ƙasa.

"Buɗe! Buɗe ko in fasa kanka!"

"Yaro, in ka fasa ma ba za ta buɗe ba. Tun kafin a haifi mahaifinka haka take. Daga Ingila aka kawo ta ta jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa..."

"Janareto fa?"

"Akwai. Shi ma mai tarihi ne."

A kicin kuwa, Barakatu mai dafa abinci ta riga ta shige bayan buhunan shinkafa, tana raɗa wa 'yan sanda a waya.

Garzali ya ji takun gudu a matakala. Ta tsakanin ƙarafa ya hango Maikano yana saukowa, rungume da ƙaramin akwatin ƙarfe.

"Oga! Oga, ga ni nan! Fito da ni!"

Maikano ya tsaya. Ya dube shi, ya dubi akwatin. Daga nesa jiniya ta fara kuka.

"Ina zuwa, bari in samo guduma," ya ce.

Garzali ya ji tashin mota. Ya ji tayoyi sun yi ƙara a bakin get. Shiru ya biyo baya.

"Abokin naka ba zai dawo ba," tsohon ya ce, ya zauna a ƙasa da ƙyar. "Ajiye wannan abin kada ya tashi da mu. Daga ina kake?"

Garzali ya yi niyyar zaginsa. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Indabo."

"Ƙasar Wudil! Ai can muke sayo nono da. Kana cin goro?"

Garzali ya karɓa.

Ɗantani kuwa ya take mota, Maikano a gefensa, ya bi ta Mariri ya ɗauki hanyar gida, motocin 'yan sanda biyu a bayansa. Sun kusa tsira. Abu ɗaya suka manta, su da aka haifa a garin: ranar kasuwa ce. Tirelolin shanu sun cushe gadar Wudil, ba gaba ba baya.

"Sauka! Mu faɗa ruwa, ruwa!" Maikano ya yi ihu.

Ɗantani ya buɗe ƙofa ya zura da gudu. Tau! Tau! 'Yan sanda suka buɗe wuta. Ya faɗi tsakanin tayoyin wata tirela, shanu na leƙensa ta sama. Maikano ya ɗaga hannu tun kafin a ce masa ya ɗaga.

Nan kan gadar aka ɓalle akwatin a gaban jama'a. Tsofaffin makullan ɗakuna ne na tagulla, da littafin da baƙi ke sa hannu tun kafin 'yancin kai.

Sai bayan La'asar aka kawo wuta. Lifta ta sauko da kanta a hankali, ta ajiye Garzali a gaban 'yan sanda takwas da suka gaji da jira har an ba su shayi.

A kotu Maikano ya rantse cewa Garzali ne shugabansu, shi ɗan rakiya ne kawai. Bai tsira ba, amma bai bar Garzali ya tsira ba. Ɗaurin shekara ashirin da ɗaya aka yanke wa kowannensu. Matar Ɗantani ta haihu wata biyu bayan an binne shi.

Hansai, mahaifiyar Garzali, ta zo gidan yari da ƙullin ƙuliƙuli. Ta rame, ta yi baƙi. Ta dube shi ta cikin ragar ƙarfen da ta raba su.

"Mutanen gari sai tambayata suke," ta ce. "Wai da gaske ne ka kwana a otal ɗin Turawa?"

Garzali ya sunkuyar da kai.

"Ko ɗakin ban gani ba, Inna."