Tsohuwa da Datsiyar Attajiri

A wani zamani, tsohuwar magudanar da ke kawo ruwa daga kan dutse ta ƙafe, albasar mutanen ƙauye ta fara bushewa. Wata tsohuwa ta ɗauki sandarta, ta bi gefen magudanar. Ta hau, ta huta, ta hau, ta huta. Can sama ta tarar wani attajiri ya datse ruwan, ya juya shi lambunsa.

Ya ce, "Iya, ki yi shiru, zan riƙa sakar wa gonarki."

Ta ce, "Ɗan nan, ba gonata kaɗai ke jin ƙishi ba."

Ta durƙusa, ta fara cire duwatsun datsiyar ɗaya bayan ɗaya. Ya daka mata tsawa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ranar, ruwa ya riga ta isa ƙauye.