Ɗakin Amarya a Hanyar Ruwa

Malam Yahaya na Dingyaɗi ya shigo gida yana rantsuwa cewa tun da aka kafa Boɗinga ba a taɓa wulaƙanta dattijo kamarsa ba. Ya ture akushin tuwo, ya ce a kira masa 'yan'uwa ya bar wasiyya. Sai da matarsa Inna ta matsa sannan ya faɗi laifin. Maniru, mai neman 'yarsu Jamilatu, ya shata gidan aurensu a gonarsa ta Horo Birni, can kan tudu kusa da gawo, ƙofa tana kallon yamma, bayan ɗaki yana kallon hanya.

"To wa za shi hango daga mota ya ce ga gidan surukin Yahaya?"

Washegari Maniru ya zo ya durƙusa ya yi bayani. Shekarar nan ta tsuke bakin aljihu, siminti ya yi wuya, ginin ƙasa ne da azara. Ruwan damina da iskarsa daga gabas suke bugowa, shi ya sa ƙofa ta kauce musu. Gawo zai ba su inuwa da rani. Bakin hanya kuwa kwari ne, nan ruwan gonaki yake bi. Malam Yahaya ya shafa gemu, ya sa masa albarka har sau biyu.

Maniru na tafiya kudu fataucin albasa, Malam ya sa babbar riga ya je ya sami magini Ɗanliti, ya ce ango ya aiko a mai da ginin bakin hanya, ƙofa gabas. Da Maniru ya dawo ya tarar an gama gini, ya ji wanda ya kawo saƙon, sai ya roƙi Ɗanliti ya rufa wa dattijo asiri.

Ruwa mai ƙarfi na farko ya shiga ta ƙofa, na gonaki ya ci gindin bango, ɗakin ya zube. Malam Yahaya ya fi kowa salati da zagin samarin zamani. Amma dangin Maniru wata fassara suka yi: yarinyar farar ƙafa gare ta, tun ba ta shiga ba gida ya faɗi. Jamilatu ta daina zuwa rijiya saboda nuni da baki, kullum tana ɗaki tana kuka. Maniru ya aiko mata cewa ko damina nawa ce zai jira, amma ya ƙi faɗin abin da ya sani.

Ranar da Kawu Sa'idu, waliyyin Maniru, ya zo zaure janye maganar aure, Jamilatu ta kawo ruwa, ya ƙi karɓa daga hannunta. Ta koma ciki da kwanon. Malam Yahaya ya bi ta da kallo, ya gyara hula.

"Malam Sa'idu, ƙahwar ɗiyata lahiya lau take. Tawa ƙahwa ta taka har Horo Birni ta ce ma magini a sake wuri. Yaron ga ya sani, ya yi shiru."

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka kai amarya sabon ɗaki a kan tudu. Haƙurin Maniru ya ba shi mata da mutunci tare. A wajen walima Malam Yahaya ya miƙe ya yi wa samari nasiha, ya ce duk wanda ya yi gini don idon masu wucewa, ruwa ne zai fara yi masa sallama, kuma kada kowa ya yi masa gardama, don shi ya rushe ɗakin 'yarsa da bakinsa.