Kan Tagulla na Ramin Benevento

Ranar Litinin da hantsi aka bugo wa Sufeto Ermete Iannace waya, ko kofinsa bai shanye ba. An yi sata a filin da ake haƙa wa motoci ma'ajiya a ƙarƙashin ƙasa. A Benevento kuwa, ko bututun ruwa za ka binne sai ka ci karo da ginin Romawan dā, shi ya sa masana kayan tarihi ke fara tonawa kafin a zuba kankare.

Ya tarar da Dakta Nunzia Pedicini zaune a bakin rami, idanunta jajir. Mako uku kacal da kama aikinta, ranar Juma'a ta tono kan mutum-mutumin wata mata na tagulla, mai shekara kusan dubu biyu. Yau babu shi.

"Me ya hana ki ɗauke shi tun ranar?"

"Rabinsa na cikin ƙasa, Sufeto. Ba a fizge abu sai an auna, an zana. Na rufe shi da tamfol."

"Su wa ke da makullin ƙofa?"

"Ni, da Pellegrino shugaban leburori, da Dakta Zollo. Ofis sun ce in bai fito ba ni za a tuhuma, kuma ni da tono har abada."

Sufeto ya sauka ramin. Ya sha ganin aikin ɓarayin kaburbura, su diga suke sawa su bar wuri kaca-kaca. Wannan kuwa gurbin kan a yanke yake tsaf, kusurwa huɗu, an rairaye baƙar ƙasar an tara ta gefe. A tsakiya an kafa ƙusa da ɗan farin yankin roba a jiki.

"Ke kika kafa wannan?"

"A'a. Sai an ɗaga abu ake sa ƙusa a gurbinsa."

Ya nufi Pellegrino, wanda ya rantse da kabarin ubansa bai taka filin ba ranar Lahadi.

"Mai shagon kofi ya ga motarka."

"To, na zo! Injin tsotse ruwa na duba, na ji tsoron ku laƙa mini."

"Kan nan zai tsayar maka da aiki wata shida."

"Yallaɓai, da ni ne, katafila zan sa, in zuba kankare, in tafi cin taliyar uwata. Wa ke da lokacin rairaye ƙasa? Ka tambayi tsohon can. Tun Juma'a ya daina cin abinci da mu."

Tsohon shi ne Dakta Cosimo Zollo, yana cikin rumfar ajiya yana wanke fasassun tukwane da buroshin haƙori. Shekara talatin da ɗaya yana tono a garin nan, bai taɓa samun abin da ya wuce magudanar ruwa da tsingaro ba.

"Ni ko leƙa raminta ban yi ba," ya ce. "Sa'ar sabon shiga ce. Ni na koya mata riƙe cokalin tono, yau ita 'yan jarida ke tambaya, ni kuma suna ce mini in matsa in ba su hanya."

"Ƙasar sashenka wace iri ce, Dakta?"

"Jar laka."

"Gwiwar wandonka kuwa baƙa ƙirin."

Sufeto ya ɗauki wata robar cuku daga kan tebur, an yanke gefenta da almakashi. Ya ɗora yankin da ya ciro daga jikin ƙusar, ya zauna daram.

Sai ya shiga ɗaga akwatunan tsingaro ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Kan tagullar na ciki, an naɗe shi da takarda mai laushi an tokare shi da soso, da katin bayani ɗaure a jiki.

"Ba sayarwa zan yi ba," in ji Zollo. "So na yi ta rasa shi kawai, ta ji yadda nake ji. Na ce zan fizge shi in gudu. Da na durƙusa, hannuna ya ƙi. Awa huɗu na yi ina tonawa."

"Da ka yi aikin banza, da yanzu Pellegrino nake tsare da shi."

Aka fito da Zollo ta gaban leburori, kansa a ƙasa. Sufeto kansa sai da ya ji tausayinsa, ko da yake tausayi bai hana shi buɗe masa ƙofar mota ba.

Sufeto ya miƙa wa Nunzia katin. Kwanan wata, zurfin rami, launin ƙasa, duk an cike da rubutun tsohon, ba kuskure ko ɗaya. A layin ƙarshe, inda ake sa sunan wanda ya tono, Zollo ya rubuta: N. Pedicini.