Katin da Aka Ɗinke a Laya

Ana saukowa daga Juma'a Hajiya Mariya ta leƙa sitonta na goro a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ta tarar huhu shida sun yi ƙafa. Ba a fasa ƙofa ba.

Sito ne na zamani. Kowane huhu an cusa masa 'yar na'ura a cikin ganye, kowane ma'aikaci da katinsa, ƙofar kuma ba ta buɗuwa sai an kara mata kati. Duk abin da ya wuce ta, mutum ko goro, sai ta adana. A ranar, ƙofar ta ce ƙarfe biyu saura kwata huhu shida sun fita, da katin Manniru.

Manniru dattijo ne, shekararsa ashirin da biyu yana ɗaure wa Hajiya goro. Kafin Sajan Ja'afaru ya iso har an yaga masa riga, an kira shi ɓarawo da Hausa da Yarbanci. Ja'afaru ya gaji da irin wannan, mutanen da ba sa yarda da rantsuwar maƙwabci amma su yarda da ƙofa.

Ya fara da Muhibbat mai kula da kwamfuta.

"Za ki iya sauya suna a ciki?"

"Oga, ko Hajiya ba ta iyawa. Abeg, don Allah gwada ka gani."

Ya gwada, ya gani. Maigadi kuwa mutum biyar suka shaida sahu ɗaya suka yi da shi a masallaci. Saura Manniru.

"Baba, ina katinka?"

Manniru ya jawo laya daga wuyansa. "Ga shi. Yawan yar da shi nake, sai na bayar aka ɗinke min jiya da yamma. Wallahi tun lokacin bai bar wuyana ba."

Rantsuwar nan ce ta ƙara ɗaure shi a idon jama'a. Ja'afaru ya karɓi layar, ya kara a ƙofa. Shiru. Ya sake karawa, shiru. Ya nemi reza.

"Yallaɓai, ai ba a farke laya," in ji maigadi.

"Wanda ya ɗinke ta ma ya san haka."

Ya farke. Guntun kwalin ashana ne a ciki.

"Wa ya yi maka ɗinkin, Baba?"

Manniru ya ce, "Tawfiq baduku. Mijin 'yata Husna."

Ja'afaru ya ari na'urar hannu ta sito, mai gano kati da 'yan na'urorin huhu, ya nufi rumfar Tawfiq. Bai tambaye shi komai ba, ya dinga shafa ta a kan tarin fatu. A ƙarƙashin wata jar fata ta yi ƙara. Katin ne, da 'yan na'urori shida da ganyen goro a jikinsu.

"Ka san surukinka ba zai je aiki ba sai Asabar, kuma ba zai buɗe laya ba," in ji Ja'afaru. "Ka jira kowa ya tafi masallaci. Ina goron?"

"Na ɗora a mota a tashar Ojoo," Tawfiq ya ce, murya can ƙasa. "Ya yi Arewa."

Hajiya ta saurari bayanin duka, ta gyara mayafi. "Na ji, Yallaɓai. Amma da katinsa aka shiga, kuma ɓarawon ɗan gidansa ne. Wa zai ƙara ba ni ajiyar kaya in yana nan? Ya huta kawai."

Abin ya yi wa Ja'afaru zafi, amma ba shi da dokar da ta hana wannan. Ya koma caji ofis inda aka ajiye Manniru, ya ce masa ya tashi ya tafi gida, an wanke shi.

Manniru bai motsa daga benci ba.

"Yallaɓai, Husna cikin wata takwas gare ta. In na shiga gida, ita za ta fara tarata ta tambaye ni wa ya ba da sunan mijinta."

Sai Ja'afaru ya zauna a gefen bencin.