Baitin Dogo

A wani zamani an yi wani mawaƙin gayya. Manoma na huɗa, yana bin su da waƙa, kowa da baitinsa.

Da ya zo kan Dogo, ya rasa kalmar da za ta dace da sunan. Ya nema, ya nema, bai samu ba.

Makaɗinsa ya ce, "Ka ce raggo mana! Dogo, raggo, ai sun zauna."

Mawaƙi ya dubi Dogo, gumi har ƙugu. Sai ya rera, "Dogo ya gama layinsa, ya kama na maƙwabci."

Baitin bai hau kiɗa ba. Aka yi ta dariya.

Makaɗi ya ce, "Ka ɓata waƙa."

Mawaƙi ya ce, "Waƙa gobe zan gyara ta. Sunan Dogo fa, wa zai gyara?"