Gurasar da Aka Karya a Gaban Baƙi

Mohira ta zagayo bayan motocin baƙi ɗauke da tiren kofunan shayi, sai ta ga kawun saurayinta Sarvar yana tuɓe jabbarsa. Ya ninke ta, ya jefa cikin but ɗin mota, ya ɗauko tsumma ya hau goge gilashi.

"Kawu... me kuke yi haka? Ku bari direba ya goge mana."

Tsohon ya kasa kallonta.

"Ni ne direban, 'yata."

Feruza, wadda suke ofis ɗaya, tana jingine da wata mota tana gyara jan baki.

"Tolib ai ya ƙware. Bara ma shi ne kawun ango," in ji ta. "Au, ba ki sani ba? Duk shekara ana yi. Baƙi suna son ganin al'ada, hannunsu ya fi sakewa. Bara ni ce amaryar. Na dai fi ki iya sunkuyar da kai."

Tiren bai faɗi ba. Mohira ta ajiye shi a kan ciyawa a hankali, don kofunan na aro ne.

'Yar Ergash ce, maƙwabcinmu. Tana karatu a birnin Osh, da hutun bazara ya zo ta samu aikin sanin makama a wata ƙungiya mai kare dajin gyaɗar bishiya da ke saman ƙauyenmu. Aikinta kiran masu hannu da shuni da shirya taron neman gudummawa. Sarvar ne ke koya mata. Yaro ne mai zaƙin baki, irin wanda zai roƙe ka hular kanka ka ba shi kana godiya.

Shi ya ce a yi taron bana a cikin dajin, a gefen da Ergash ke kula da shi. Ergash ya ƙi. Tun da ƙungiyar ta kewaye ƙananan itatuwa da waya ta hana shanu shiga, ba ya ga-maciji da su. Sai Sarvar ya riƙe hannun Mohira a ƙarƙashin tsohuwar bishiyar kakanta.

"Ruhina, ki ce wa Baba ranar zan zo da kawuna. A karya gurasa a gaban kowa."

"Da gaske kake, Sarvar?"

"Na taɓa yi miki wasa?"

Mu nan ba a wasa da gurasa. Idan dattawan gida biyu suka kama guda suka karya, an ba da yarinya ke nan, ba mai sake ɗaga ido ya kalle ta. Ergash ya yi mako yana faɗa, ya ce bai san asalin yaron ba. Da ya ga 'yarsa ta daina cin abinci, ya haƙura. Ya yanka tunkiya. Ya karya gurasar da hannunsa, yana hawaye, baƙi suna tafi suna ɗaukar hoto. Uwarta ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da gutsattsarin. Ni ma na ci, na sa albarka.

Daga wurin motocin nan, Mohira ta je ta samu Sarvar a bakin rumfa yana sallamar baƙi, fuskarsa sai walƙiya take.

"Zo mu yi magana."

"Zinariyata, kin ga yadda suka ba da hannu? Bana sai mun kewaye har bakin rafi..."

"Wane ne Tolib?"

Murmushin ya tsaya masa a fuska.

"Feruza ce ko? Ki saurare ni. Kawuna na gaske ya ce a bari sai kaka. Na riga na sa abin cikin tsarin taro, baƙi sun taso tun daga birnin Bishkek dominsa. Me zan yi?"

"Ka faɗa mini."

"Da kin ƙi."

"Da na ƙi."

"Amma ai ina son ki, wannan ba ƙarya ba ne. Da kaka za mu zo a sake yi, na gaskiya."

"A sake?" Ta kalle shi kamar yau ta fara ganinsa. "Wadda mutane suka ci fa? Amayo ta za su yi?"

"Gurasa ce fa kawai, Mohira..."

Nan ya gama da kansa. Da ya yi shiru, da wataƙila ta nema masa uzuri, don 'yan mata ba sa rasa uzurin da za su ba wanda suke so.

Ta juya ta koma aiki. Ta tattara kujeru, ta naɗe shimfiɗu, ta tsince ledoji daga gindin itatuwa, ta mayar wa kowa da kofunansa. Sai da mota ta ƙarshe ta tafi ta durƙusa gaban ubanta ta faɗa masa.

Ergash bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Da direba na yi musabaha na kira shi suruki?"

"Ku yafe mini, Baba."

"Tashi. Ba ke kika karya ba, ni na karya."

Kashegari ya bi gidajen unguwa da ƙafarsa. Ya tsaya a ƙofata, dattijo mai furfura, ya ce, "Abin da kuka ci jiya, ku ɗauka sadaka ce. Babu maganar aure." Ban taɓa jin kunyar abin da na haɗiye ba sai ranar. Ya daɗe bayan nan bai zauna a wurin shan shayin maza ba.

Mohira ba ta gudu daga aikin ba. Ta ƙarasa hutunta a ofis ɗin, tebur ɗaya tsakaninta da Sarvar. Kalma ba ta haɗa su sai ta aiki. Ta ce dajin bai yi mata laifi ba.

Da kaka ta yi, duk ƙauye ya koma daji tsintar gyaɗa. Sai ga Sarvar ya hauro da ƙafa, ya rame, tare da wani dattijo mai kama da shi har a hanci. Wannan karon kawun na gaske ne. Suka buɗe ƙunshi a kan shimfiɗa: gurasa mai zafi da alewa.

Ergash bai taɓa ta ba. Ya kira 'yarsa.

Ta fito daga cikin itatuwa, hannuwanta baƙi ƙirin da ɓawon gyaɗa.

"Ruhina..." in ji Sarvar. "Na bar aikin. Ban yi barcin kirki ba tun ranar. Ga kawuna, ki tambayi kowa."

"Na yarda kawunka ne."

"To?"

Ta wanke hannu. Ta durƙusa ta ɗauki gurasar da hannu biyu, ta sumbace ta, ta kai goshi, kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta mayar da ita cikin ƙyallen, lafiyarta ƙalau, ta ƙulle bakin, ta ajiye gaban dattijon.

"Kawu, hanya da nisa. Ku yi guzuri da ita."

Ta ɗauki buhunta ta koma cikin daji.